Kundin aikin koyon zura kateta a zuciya da na'urar kwaikwayo, Birnin Kebbi

Alhamis, 16 ga Janairu, 2025

Na'urar da muka daɗe muna jira ta iso jiya da la'asar cikin akwatuna biyu, yau kuma muka kwance ta a ɗan ɗakin da aka ware mana kusa da sashen masu ciwon zuciya. Aronta aka ba mu na wata tara, saboda haka na ƙudurta in rubuta duk abin da ya gudana, mai daɗi da marar daɗi, domin waɗanda za su karɓe ta bayanmu su san inda muka taka.

Ga wanda bai san aikin ba, zura kateta shi ne likita ya huda jijiyar jini a wuyan hannu ko a matsematsi, ya tura wani siririn bututun roba mai tsawon mita guda da kaurin da bai wuce milimita 2 ba, ya bi da shi ta cikin jijiya har bakin ƙananan jijiyoyin da ke shayar da tsokar zuciya. A nan sai ya tura ruwan rini wanda hoton eksre ke iya gani, ya gano inda hanya ta tsuke ko ta toshe, in da hali ya buɗe ta da ɗan balan-balan ya kafa mata ragar ƙarfe. Ba a tsaga ƙirji, kuma yawanci majiyyaci idonsa biyu.

Ita na'urar dogon akwati ce mai kafa a gefe guda, inda ake zura waya da kateta irin na gaske. A cikinta akwai ma'aunai masu lura da yadda kayan suka matsa gaba ko baya da yadda aka murɗa su, da wasu 'yan birki da ke matse su domin hannu ya ji turjiya irin ta jijiya. Kwamfuta ce ke mayar da wannan motsi hoto a allo, da zuciya mai bugawa da zanen matsin jini a gefe, ga kuma feda a ƙasa da ake takawa domin kunna eksre na kwaikwayo.

A 1929 wani matashin likita Bajamushe, Werner Forssmann, ya zura bututu ta jijiyar hannunsa har cikin zuciyarsa, ya je ya ɗauki hoton ƙirjinsa domin shaida, kuma wannan aiki ne ya sa aka ba shi lambar Nobel a 1956 tare da André Cournand da Dickinson Richards. A cikin wannan shekara ta 1929 Edwin Link ya ƙera akwatin koyon tuƙin jirgin sama a Amurka. Matuƙa jirgi sun samu inda za su yi kuskure ba tare da an rasa rai ba tun a lokacin, amma likitocin zuciya sai da suka shafe shekaru kusan saba'in suna fara koyo a jikin majiyyaci kafin su samu irin wannan dama.

Masu koyo su goma sha biyu ne: likitoci shida, ma'aikatan jinya huɗu da masu ɗaukar hoto biyu. Asibitinmu bai da ɗakin kateta tukuna, sai dai mu tura majiyyata wasu garuruwa, kuma can ne likitocinmu za su je neman horo na gaske. Abin da muke so shi ne su isa can hannunsu ya riga ya faɗa, domin ba a fafe gora ranar tafiya.

Litinin, 3 ga Fabrairu

Giɓi na farko ya bayyana tun a mako na biyu. Na'urar tana farawa ne daga inda an riga an shiga jijiya, alhali huda jijiyar shi ne inda sabon hannu ya fi yin ɓarna. Hanyar da kowa ke bi a yau ita ce wadda Sven-Ivar Seldinger na ƙasar Suwidin ya bayyana a 1953: a soka allura, a zura waya ta cikinta, a zare allurar a bar wayar, sannan a bi kan wayar da kube, wato gajeren bututun da sauran kaya za su riƙa shiga da fita ta cikinsa.

Sai muka haɗa abin gwajinmu da kanmu. Mun binne robar ƙarin ruwa a cikin daskararren jeli a mazubin roba, muka cika ta da ruwan zoɓo, mutum ɗaya yana danna sirinji a hankali domin ta riƙa harbawa, mai koyo kuma yana neman ta da na'urar sikanin yana soka allura. Ba ta da kyan gani, kuma dole a mayar da ita firji tsakanin darasi da darasi, amma ta koya musu abu biyu da nake so su zauna musu a jiki: su ga tsinin allura a allo kafin su matsa, kuma kada hannu ya taɓa sakin waya matuƙar tana cikin jijiya.

Ƙurar hunturu ta shiga kafar na'urar har ta fara ƙirga motsi ba daidai ba. Injiniyanmu ya share ta, muka toshe tagogi, aka kuma ɗinka mata riga.

Laraba, 19 ga Fabrairu

Mako biyu ke nan muna kan abu guda, wato kai kateta bakin jijiyoyin zuciya. Muna amfani da masu lanƙwasar da Melvin Judkins ya tsara a 1967, ɗaya ta hagu ɗaya ta dama. Ta hagu, idan an zaɓi girman da ya dace, kusan da kanta take faɗawa bakin jijiya da zarar an zare waya, kuma wannan sauƙin ne haɗarinta, domin jijiyar hagu ita ce ke rabuwa biyu ta ciyar da mafi yawan tsokar zuciya, rauni kaɗan a bakinta yana iya kashe mutum a kan tebur. Ta dama kuwa sai da lallashi: a sauke ta ƙasa, a ɗan ja ta baya ana murɗawa ta ɓangaren da hannun agogo ke bi, sannan a dakata. Murɗin da aka yi a waje ba ya isa tsini nan take, yana tafiya ne ta tsawon mita guda, saboda haka wanda bai iya jira ba sai ya ƙara murɗawa, tsinin ya wuce bakin jijiya da tsalle, ko katetar ta ƙulle kanta a hanya.

Akwai ɗaya daga cikin likitocin, ɗan Yauri, wanda hannunsa ya fi na kowa sauri, kuma har zuwa yau shi ne na'urar ke ba maki mafi yawa. Da safen nan aka ba shi hoton tsoho mai karkatacciyar jijiya a ƙarƙashin kafaɗa. Wayar ta tsaya, ya ƙara turawa, ta sake tsayawa, ya sake turawa, sai ga rini ya kwanta a bangon jijiya ya ƙi wucewa, alamar wayar ta ɓare ɓawon ciki ta shiga tsakaninsa da bango. Babban malaminmu, wanda ke zuwa daga Sakkwato duk bayan mako biyu, yana tsaye a bayansa bai tanka ba har aka gama. Daga nan ya ce masa, "Dakta, mi kaj ji ga hannunka?" Ya ce, "Ranka ya daɗe, na ji ta ɗan cije, na ɗauka kwana ce." Malam ya ce masa ai ita cijewar magana ce jijiya ke yi, kuma wanda aka yi wa magana yakan tsaya ya saurara kafin ya amsa. Ya sa shi ya maimaita aikin sau huɗu, kowane karo idan wayar ta cije ya ɗauke hannu, ya ja baya kaɗan, ya tura ɗan rini ya ga yadda hanyar take, sannan ya canza waya mai santsi ko ya umarci majiyyaci ya ja dogon numfashi domin kwanar ta miƙe.

Na tsaya a kan wannan ne domin shi ne dalilin kawo na'urar gaba ɗaya. Da a jikin mutum ya faru, da yanzu ana maganar ceton hannu ko ceton rai, kuma da malamin bai isa ya yi shiru ya bar kuskuren ya kai ƙarshensa ba, dole ya karɓe kayan tun a turawa ta biyu. A nan kuwa an bar shi ya ga sakamakon da idonsa, ya ji shi a yatsunsa, ya kuma sake gwadawa a cikin minti biyar.

Laraba, 12 ga Maris

Saboda azumi mun mayar da darasi ƙarfe bakwai na safe, mun kuma rage shi zuwa awa ɗaya da rabi. Zafi ya fara, kwamfutar ta kashe kanta sau biyu da rana tsaka, kuma duk lokacin da aka ɗauke wuta aikin da ake ciki yakan ɓace. An haɗa mu da layin sola na ɗakin gwaje-gwaje, matsalar ta kau.

Daga wannan mako kowa zai riƙa sa rigar dalma yayin darasi ko da yake babu eksre na gaske a ɗakin. Nauyinta ya kai kilo biyar ko fiye, kuma hannun da ya saba aiki ba ita yakan canza bayan an yi awa guda a tsaye da ita a kafaɗa.

Talata, 8 ga Afrilu

Mun dawo daga hutun Sallah na duba bayanan da na'urar ta tara, sai na ga abin da ya tayar mini da hankali. Lokacin kammala aiki ya ragu ga kowa, amma lokacin da ƙafa ke kan feda bai ragu ba, ga wasu ma ƙaruwa ya yi. Sun koyi sauri ne ta hanyar barin eksre a kunne, har da lokacin da suke duban hannunsu ko suke magana da na kusa. Tun da hasken na kwaikwayo ne babu wanda ya ji komai, kuma abin tsoron shi ne na gasken ma ba a jin sa lokacin da yake shiga jiki.

Ɗaya daga cikin masu ɗaukar hoto ya karɓi darasin yau, kuma ya yi shi fiye da yadda zan iya. Ya tuna musu cewa hukumar duniya mai ba da shawara kan kariya daga irin wannan haske ta ƙayyade wa ma'aikaci milisibat 20 (ma'aunin yawan hasken da jiki ya sha) a shekara idan aka daidaita a kan shekara biyar, kuma a 2011 ta sauko da iyakar ƙwayar ido zuwa wannan adadi saboda yanar ido da ake gani ga masu wannan aiki. Ya shimfiɗa igiya a ƙasa ya nuna musu cewa wanda ya ninka nisansa daga tebur, kashi ɗaya cikin huɗu kawai na hasken ke samun sa. Ya kuma sa suka rage yawan hotuna daga 15 zuwa 7.5 a daƙiƙa, suka ga cewa ido yana sabawa cikin ɗan lokaci. Yanzu ya zama doka a ɗakin: wanda ya kau da ido daga allo ƙafarsa na kan feda, a sake aikin daga farko.

Talata, 6 ga Mayu

Na yanke shawarar daina kafa makin na'ura a bango. Abin da take iya ƙirgawa shi ne mintuna, da yawan rini, da tsawon lokacin eksre, kuma duk suna da amfani, amma ba ta ba da lada ga wanda ya tsaya. Likitar da ta fi kowa natsuwa a cikinsu, wadda ba ta taɓa tura rini ba sai ta dubi zanen matsin jini, kullum ita ce ta biyar ko ta shida a jerin, har na lura ta fara gaggawa domin ta kamo sauran. Da na bar abin haka, da na'urar ta rage mata abin da ta zo da shi mai kyau.

Mun zauna da Malam muka rubuta takardar dubawa ta kanmu, wadda mai kallo ke cikewa da hannu. Ko an zuƙo jini an fitar da iska kafin a haɗa sirinji, domin ƙwayar iska ɗaya a jijiyar zuciya tana iya tsayar da gudun jini. Ko waya ce ke gaba a duk lokacin da kateta ke tafiya. Ko an dubi zanen matsi bayan shiga bakin jijiya, domin idan zanen ya kwanta alama ce tsinin ya toshe bakin ko ya jingina da bango, kuma tura rini a wannan hali yana iya tsaga jijiya ko ya hargitsa bugun zuciya. Ko an ɗauki kowace jijiya ta fuska biyu aƙalla, tun da tsukewar da ta ɓuya ta gaba tana iya bayyana ta gefe. Na ƙarshe, wanda muka ba maki mafi nauyi, shi ne ko mai aiki ya nemi taimako a lokacin da ya kamata. Yawan rini kuma mun bar shi a lissafi, saboda da yawa daga majiyyatanmu masu hawan jini da ciwon suga ƙodarsu ta riga ta raunana, rinin kuma ta ƙoda yake fita.

Wani abu da bayanan suka nuna: biyun da aikin ɗakin gaggawa ya hana su zuwa na mako uku sun koma kusan inda suke a watan Fabrairu wajen kama jijiyar dama. Zama ɗaya ya ishe su farfaɗowa, amma na gane cewa rabin awa sau biyu a mako ya fi yini guda a wata.

Alhamis, 29 ga Mayu

Yau muka fara gwajin tawaga, likita da ma'aikaciyar jinya da mai hoto a lokaci guda, ni kuma ina gefe ina jefa musu matsala daga kwamfuta ba tare da sanarwa ba. Mun kwantar da mutum-mutumin koyon danna ƙirji a kan tebur kusa da na'urar domin a samu wanda za a taɓa.

Gwaji na farko bai yi kyau ba. Na hargitsa bugun zuciya bayan an tura rini a jijiyar dama, likitan kuma hankalinsa na kan hoton bai ga zanen ba. Sista ta gani, ta matso, ta buɗe baki ta rufe, sai bayan daƙiƙa kusan ashirin ta ce a hankali, "Likita, ko za ka duba nan?" Da muka zauna bita ta ce nauyin katse shi ta ji. Wannan kunya tarbiyya ce da muka tashi da ita kuma ina girmama ta, amma zuciyar da ke karkarwa ba ta tura jini, kowace daƙiƙa kuma ƙwaƙwalwa ce ke biya. Mun amince da kalma ɗaya, "Tsaya", wadda kowa a ɗakin ke da ikon faɗa da ƙarfi, kuma duk wanda ya ji ta dole ya ɗauke hannu da ƙafa, komai girmansa. Malam da kansa ya karɓi kateta a gwaji na uku domin Sista ta faɗa masa ita a gaban kowa. Ta faɗa, ya tsaya, aka ɗauko na'urar girgiza zuciya da lantarki, mai dawo da bugunta daidai, cikin lokaci.

Ya ba su labarin Mason Sones na asibitin Kilibilan a Amurka, wanda a 1958 katetarsa ta zame cikin jijiyar dama bisa kuskure aka tura mata rini mai yawa, zuciyar majiyyacin ta tsaya, ya daka masa tsawa ya yi tari har ta dawo. Daga wannan kuskure aka gane cewa ana iya ɗaukar hoton jijiyoyin zuciya kai tsaye.

Mun kuma sa kowa ya riƙa yi wa mutum-mutumin magana da Hausa kamar yadda zai yi wa mai rai: "Baba, za ka ji ɗumi ya ratsa ƙirjinka, kada ka tsorata, yanzu zai wuce." "Inna, ja numfashi ki riƙe." Da farko sun ji abin wani iri, amma bayani a bakin wanda bai saba ba yakan ɓace daidai lokacin da hannu ya shiga wahala.

Talata, 24 ga Yuni

Wani abokin aiki da nake ganin girmansa ya tare ni da tambayar da ta cancanci a rubuta ta. Ya ce cututtukan zuciyar da ke cika gadajenmu su ne gazawar zuciya daga hawan jini, da kumburin zuciyar mata bayan haihuwa wanda aka daɗe da sanin yawansa a ƙasar Hausa, da lalacewar ƙofofin zuciya ga matasa sakamakon ciwon maƙogwaron da ba a yi wa magani ba tun suna yara. Me ya sa za mu ba da wata tara ga toshewar jijiya, wadda ba ita ce ta fi yawa a nan ba?

Yana da gaskiya a kan lissafin, kuma ban yarda a ɗauki kuɗin maganin hawan jini a sayi irin wannan na'ura ba. Amma hannun da ya iya waya da kube ba jijiyar zuciya kaɗai yake yi wa amfani ba. Shi ne zai zura wayar bugun zuciya ta wucin gadi ga dattijon da aka kawo daga Zuru ko Kamba bugunsa ya sauka talatin, shi ne zai zuƙe ruwan da tarin fuka ya tara a jakar zuciya, kuma waɗannan biyun ana iya yin su da kayan da muke da su yau. Matsattsiyar ƙofar zuciya ma, wadda ke kashe matasan mata lokacin goyon ciki, ana buɗe ta da balan-balan ɗin da likitan Japan Kanji Inoue ya ƙirƙiro a farkon shekarun 1980, ba tare da tiyata ba. Saboda maganarsa na canza jadawalin watannin da suka rage: rabin lokaci zai koma kan ɓangaren dama na zuciya, da wayar bugu, da zuƙe ruwa. Buɗe jijiya da balan-balan, wanda Andreas Grüntzig ya fara a Zurik a 1977, da kafa raga da aka fara a 1986, za mu taɓa su ne kawai domin su san tsarin aikin.

Alhamis, 17 ga Yuli

Biyu daga cikin likitocin sun dawo daga makonni huɗu a wani ɗakin kateta na gaske, ɗan Yauri da likitar da na ambata a watan Mayu. Na zauna da su awa biyu ina rubuta abin da suka faɗa.

Sun ce fuskokin hoto da sunayen jijiyoyi da jerin matakai duk sun same su kamar yadda suka saba, har mai horar da su ya bar su suka riƙe kateta tun a mako na biyu yana tsaye a gefensu. Abin da ya zo musu sabo shi ne jikin mutum. Jijiyar wuyan hannu, wadda faɗinta bai fi milimita 2 zuwa 3 ba, takan shaƙe kateta idan majiyyaci ya tsorata ko ya ji zafi, musamman mata masu ƙaramin jiki, kuma turjiyarta ba ta yi kama da ta birkin na'ura ba, tana da laushi tana kuma zuwa a hankali. Jini yana sa safar hannu santsi. Majiyyaci yana motsi, yana tari, yana salati, yana tambaya ko an kusa gamawa. Ɗan Yauri ya ce a aikinsa na uku ya ji waya ta cije a gwiwar hannun wata tsohuwa, ya ɗauke hannu ya ce wa mai horar da shi ya zo ya duba, da aka tura rini sai ga jijiyar ta yi zobe a wurin, aka canza waya aka wuce lafiya.

Daga bayaninsu na fitar da gyara uku na mako mai zuwa. Za a riƙa jiƙa safar hannu da ruwan sabulu kafin a taɓa waya. Za a sa mutum ya kwanta a bayan labule yana magana da motsi a madadin majiyyaci. Za mu kuma ƙara darasi kan shaƙewar jijiyar hannu: magungunan da ake turawa ta kube domin ta saki, da yadda ake jira, da lokacin da ya kamata a haƙura a koma ɗaya hannun ko matsematsi. Biyu na gaba za su tafi a farkon Agusta idan Allah ya kai mu, kuma kafin nan kowannensu zai yi gwaji goma a gaban Malam da sabuwar takardar dubawa. Na rubuta wa masu na'urar ina roƙon a ƙara mana wata uku, ina jiran amsarsu.